RAKIYAR ALHAZAN DA: DAGA BAKIN GULBIN MARAƊI ZUWA JIRGIN SUWAKIN

 Tarihinmu na yau na rakiya ne, rakiyar da kakanninmu ke yi wa mai niyyar Makka tun jirgin sama bai zo ba.

Maraɗi dai ba ta da teku, kowa ya sani. Ruwanmu Gulbi ne, shi ma sai damina yake kawowa, rani na yi ya koma rairayi. Tsibiri ma, duk da sunanta, jirgin ruwa bai taɓa tsayawa bakinta ba. Amma ka zauna da dattijon da ya haura shekara 80 ka ce ya ba ka labarin wani nasu da ya tafi Gabas, ba za a jima ba za ka ji ya ambaci Bahar Maliya da jirgin ruwa. Mutanen tudu ne mu, amma akwai gidaje da yawa a nan da labarinsu ya tsaya a bakin teku, wajen da wani ya shiga jirgi wani ya rage a gaɓa.

To, yaya aka yi haka? Mu faro daga gida.

Garuruwan nan namu ai da ma tafiya ce ta haife su. Bayan faɗuwar Birnin Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi ta yawo kafin Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajajen 1819. Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri a 1836, bayan yaƙin Gawakuke. Sannan a 1945 ambaliyar Gulbi ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, dole aka hauro tudu inda muke yanzu. Ke nan mutanen nan sun san ɗaure kaya, sun san barin gida. Amma tafiyar Makka daban take. Duk sauran tafiye-tafiye, ko fatauci Gwanja ko ci-rani Kano, ana ƙidaya su da watanni. Ita wannan da shekaru ake ƙidaya ta, kuma ba a sa mata ranar dawowa.

Hanya biyu ce a wancan zamani. Akwai ta manya, akwai ta talaka. Ta manya ita ce wadda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi a 1921: ya gangara Ikko, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, ya gana da Sarki George na 5, daga nan ya wuce Jidda. Wannan sai mai sarauta ko babban attajiri. Talakan Bagalam ko na Limanci, ko manomin Jiratawa, shi hanyarsa ƙasa ce, gabas kai tsaye, tazarar da ta haura kilomita 3,000 kafin ya ga ruwan gishiri da idonsa.

Shi ya sa sallamar ta zama abin da ta zama. Mai niyya ba ya tashi dare ɗaya. Sai an yi kaka, an kai gero rumbu, an sayar da gyaɗa. Daga nan ya fara zagaye, gida-gida, unguwa-unguwa. Wanda yake bin shi bashi ya biya, wanda ya ba shi ajiya ya mayar masa. Gona ya danƙa ta hannun ƙane ko babban ɗa, a gaban shaidu. Ya je wurin liman a yi addu'a, ya bar wasiyya kamar mai shirin kwanciya kabari, don a gaskiya ba shi da tabbacin wanne zai riga zuwa, Ka'aba ko kabarin. Abin da ya fi nauyi shi ne neman gafara. Ka ga dattijo mai furfura ya durƙusa gaban wanda suka yi shekara goma ba sa ga-maciji saboda iyakar gona, yana cewa: "Malam, in na taɓa ɓata maka, ka yahe mani." Shi kuma ya amsa: "Na yahe duniya da lahira, Allah shi yahe muna baki ɗai." Rigimar da alƙali ya kasa kashewa, tafiyar Makka ta kashe ta cikin minti biyar.

Ranar tashi kuwa gari ne ke fitowa. Mata su tsaya ƙofar gida ko bakin unguwa, tsofaffi su ɗan taka su koma, matasa su ɗauki kayan su yi gaba. Na Tsibiri su rako nasu har Maraɗi. Na Maraɗi su yi kudu wajajen Jiratawa, wasu ba sa juyowa sai Ɗan Isa. In Gulbi na da ruwa, to nan rakiyar ke yankewa, don masu fito ne za su ƙetarar da matafiyi, 'yan rakiya su tsaya wannan gaɓa suna ɗaga hannu. Uwa ta ce wa ɗanta: "Tahi, Allah shi kai ka lahiya. In ba mu sake ganawa ba, mu gana gaban Ma'aiki." Matar aure ba ta cewa komai a gaban mutane, kunya ba ta bari, sai dai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba a so a yi kuka da ƙarfi, wai kada a karya wa matafiyi zuciya. Amma Hausawa sun ce sabo ake wa kuka.

Me ya sa ake yin kudu alhali Makka na gabas? Dalili biyu ne. Na ɗaya, Nasaran Faransa ba su son talakawansu su riƙa zuwa Makka barkatai, suna tsoron abin da za su jiyo can su dawo da shi. Sai sun ba da izini, da takardu, da shaidar kana da guzuri. Mafi yawan mutanenmu ba su bi ta ofishin kumandan ba, sun sulale ne ta Jibiya su shiga Katsina kamar masu zuwa cin kasuwa. Na biyu, Kano ce matattarar ayari. Can ake haɗuwa da madugai da masu masauki da suka san hanya, musamman bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 garin ya ƙara cika da baƙi.

Daga Kano sai Yarwa, wato Maiduguri. Daga nan a shiga ƙasar Kamaru ta Kusuri, a ƙetare ruwa da jirgin fito zuwa Fort-Lamy, wadda yau ake kira Njamena. Sai Abeshe, sai a tsallaka Sudan ta Janaina, a bi Darfur ta El Fasher har El Obeid, inda jirgin ƙasa ya iso tun 1912. Da farko da ƙafa ne da jakuna da takarkarai. Daga baya manyan motoci suka shigo, mutane bisa kaya, kwana da kwanaki cikin ƙura. Ba wanda ke yin wannan tafiya a jere. Guzuri na ƙarewa a tsaya. Mai sana'ar wanzanci ya buɗe zabira, maɗinki ya nemi zare, malami ya kafa allo, wanda ba shi da sana'a ya yi ga-ruwa ko ƙodago. Damina ta riske ka a Wadai, ka nemi gona aro ka noma, ka sayar, ka ƙara gaba. Tafiya sannu-sannu kwana nesa, in ji masu magana.

A Sudan ne tafiyar ta fi cin mutane, ba da mutuwa kaɗai ba, har da zama. Tun a 1903, bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka yi gabas, suka zauna bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Garin har yau sunansa Mai Wurno. Sannan a 1925 aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, wanda ke neman hannu ba adadi. Alhazanmu suka samu aikin tsinkar auduga, suka ce bari mu yi shekara ɗaya mu cika kuɗin jirgi. Shekara ɗaya ta zama biyar, aka yi aure, aka haihu, aka aurar da 'ya'yan. Wani masani ɗan Ghana, Bawa Yamba, ya zauna da irin waɗannan Hausawa ya fitar da littafi a kansu a 1995. Abin da ya tarar shi ne jikoki da tattaɓa-kunne, haifaffun Sudan, waɗanda ba su taɓa ganin Makka ba, amma har yanzu suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanya.

Wanda Allah ya cika wa guzuri, shi ne ke isa bakin Bahar Maliya. Suwakin tsohuwar tashar jiragen ruwa ce, tsibiri ne da aka gina gidajensa da duwatsun murjani na cikin teku. Turawa sun gina sabuwar tasha, Port Sudan, a farkon ƙarni na 20, kasuwanci ya koma can, amma Suwakin ta ci gaba da zama mashigar alhazai. Nan ake killace su, a yi musu lambar agana da allurar kwalara, a duba takardu, a tabbatar mutum na da tikiti. Tsananin nan yana da asali: a 1865 kwalara ta ɓarke a lokacin hajji ta kashe dubban mutane, jiragen ruwa suka kwashe ta zuwa Masar har Turai. Tun daga nan gwamnatoci suka sa ido kan jiragen alhazai.

To jama'a, a nan ne ake yin rakiya ta biyu, kuma wasu na ganin ta fi ta gida ciwo. Ku duba: mutum goma sun baro Maraɗi tare, sun ci tuwo a akushi ɗaya shekara uku, sun binne biyu a hanya. An zo bakin ruwa, kuɗin biyar sun cika, na uku ba su cika ba. Biyar su hau, uku su tsaya. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin Madarunfa ba, ga shi tsaye gaban ruwan da ba a hango ƙarshensa, yana kallon abokin tafiyarsa bisa wani gida mai hayaƙi.

Kuma tashin jirgin ruwa ba irin na mota ba ne. Mota in ta tashi, ƙura ta rufe ta, shi ke nan. Jirgin sama kafin ka ɗaga kai ya shige gajimare. Shi jirgin ruwa a hankali yake raba mutane. A busa ƙaho, a kwance igiyoyi, ka ga ruwa ya fara shiga tsakaninku, taku ɗaya, taku biyu. Kana jin muryarsa yana jin taka, kuna ta saƙo: "In ka isa Rauda ka sa ni cikin addu'a!" "Ka gaida Ma'aiki!" Can murya ta daina kaiwa, sai hannu. Can hannun ma ka kasa bambance nasa da na wani. Sai farin tufafi, sai hayaƙi, sai ruwa kawai. Duk wannan kana tsaye, ba ka da abin yi, kuma ƙafa ta ƙi tafiya. A wasu ƙasashe, irin su Japan, har al'ada suka yi: matafiyi na riƙe da bakin wani dogon zaren takarda, mai rakiya na riƙe da ɗaya bakin, jirgi na ja har zaren ya tsinke. Mutanenmu ba su san wannan ba. Su addu'a suke bin jirgin da ita.

Tsakanin Suwakin da Jidda kusan kilomita 300 ne, ba nisa can ba in an gwada da abin da aka baro. Amma ruwan ba wasa. Akwai duwatsun murjani a ƙarƙashi, har a Jidda ma manyan jirage a da nesa da gaɓa suke tsayawa, ƙananan jirage su yi ta jigilar mutane. A 1930 wani jirgin Faransa mai suna Asia ya kama wuta a tashar Jidda ɗauke da alhazai, fiye da mutum 100 suka rasu. Waɗanda ba su da takardu ko kuɗin babban jirgi kuwa, sai su bi ta ɓoye, wasu har ta Masawwa a ƙasar Eritiriya, su shiga sambuk, jirgin katako mai filafilai, cikin dare. Wani a sauke shi can wani bakin gaɓa da ba ruwan sha, a ce masa ga Makka nan gaba kaɗan. Akwai kuma waɗanda suka faɗa hannun miyagu aka sayar da su ko 'ya'yansu, don sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta a hukumance. Wannan ɓangaren ba a cika faɗinsa ba in ana labarin alhazan da, amma ya faru.

A gida fa? A gida jira ake. Ba waya, ba gidan waya da zai kai wasiƙa wani ƙauyen Jazira. Labari sai in wani alhaji ya dawo, a taru a kansa ana tambaya: "Alhaji, ko ka gamu da wane?" Ya ce ya gan shi El Obeid shekara biyu da suka wuce yana sayar da ruwa, ko ya zaro 'yar takardar ajami da ta sha gumi a cikin laya. Wata matar ta yi ta zama, ita ba mai aure ba ita ba bazawara ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, matar wanda ya ɓace takan kai ƙara gaban alƙali, a bincika, a sa mata shekara 4, sannan ta yi takaba ta samu damar wani aure. An sha yin haka, kuma akan samu wanda zai dawo bayan an gama komai, ya tarar an raba gadonsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Wanda ya dawo kuwa, ranar gari ba ya zama. A tarbo shi tun daga bayan gari, a yi ta shafar hannunsa, a raba zamzam ɗigo-ɗigo, da dabino da tazbaha. Sunan "Alhaji" a lokacin ba ƙaramin abu ba ne, shaida ce ta mutum ya ga wuya ya ga nisa. Daga baya ne, da kuɗin gyaɗa da kasuwancin iyaka suka bunƙasa, sunan ya zama kusan ma'anarsa attajiri, har wani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum kan alhazan Maraɗi a 1986.

Abin ya fara sauyawa bayan yaƙin duniya na biyu. A Kano wasu attajirai, cikinsu har da Mahmud Ɗantata, suka kafa kamfanin jigilar alhazai, da motoci da farko, daga baya da jirgin sama. Gajeren sunan kamfanin shi ne WAPA. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa canjin sefa a Wapa ta Fagge, da yawa ba su san daga nan sunan wurin ya samo asali ba. Sannu a hankali jirgin sama ya karɓe tafiyar, iyakoki suka yi tsauri, biza ta zama dole, hanyar ƙasa ta mutu. Jiragen fito ma na cikin ƙasarmu haka suka yi ta ja da baya: a Yamai, gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ita ta sallami masu jiran jirgi a bakin Kwara.

Yau maniyyaci ya yi rajista ta hannun ajans, hukumar COHO ta tsara tafiya, ya hau bas daga Maraɗi zuwa Yamai, ya shiga jirgi a filin Diori Hamani. Awa biyar zuwa shida ya sauka. Kafin ya ɗaura harami ya kira gida ta WhatsApp ana ganin fuskarsa. Wallahi wannan ni'ima ce, ba mai hankalin da zai ce a koma tafiyar shekara bakwai. Wanda ke yabon zamanin da, ya tuna kaburburan da ke jere daga Yarwa zuwa Suwakin waɗanda ba mai ziyartarsu.

Amma akwai abu biyu da bai kamata mu bari su tafi tare da jirgin ruwa ba.

Na farko, sallamar kanta. Da sauƙin tafiya ya zo, zagayen neman gafara ya koma saƙo ɗaya da ake turawa mutum 200 a waya. Bashi kuma "sai na dawo". To wa ya ba mu tabbacin dawowa? A watan Yulin 1991 jirgin alhazai da ya taso daga Jidda zai sauka Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashi, mutum 261 ba wanda ya fita. Kuma ba hajji kaɗai ba. Yau yaranmu na fita Libiya da Aljeriya da asuba, wani ko uwarsa bai gaya wa ba don kada ta hana shi. Mata na tafiya Saudiyya aikatau ta hannun dillalai, maƙwabta sai dai su ga ɗaki a rufe. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, mafi yawansu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su. Hamadar nan ita ce tekunmu na yanzu. Kakanninmu sun shiga hatsari su ma, amma gari ya san ranar da suka fita, da wanda suka bi, da inda suka nufa. In mutum ya ɓace an san daga inda za a fara cigiya.

Na biyu, 'yan uwan da suka rage can. Jikokin waɗanda suka tsaya a gaɓa suna nan a Sudan, suna jin Hausa, wasunsu na iya gaya maka kakansu Bagobiri ne ko Bakatsine. A Yulin 2022 an yi rikici a jihar Shuɗin Nilu kan ƙasa da sarauta, aka kashe mutane fiye da 100, Hausawa da yawa suka bar gidajensu, ana ce musu baƙi bayan zaman fiye da shekara ɗari. Daga 15 ga Afrilun 2023 kuma yaƙi ya game ƙasar. Janaina, El Fasher, Madani, sunayen da muke ji a rediyo ana kashe-kashe, su ne zangon kakanninmu. A farkon yaƙin nan mun ga hotunan jirage na kwashe mutane daga Port Sudan zuwa Jidda, wasu a ciki wasu a gaɓa suna kallo. Ruwan dai shi ne, hanyar ita ce.

Saboda haka ga roƙonmu. Duk mai tsoho ko tsohuwa a gida, a 'Yandaka ne ko Mokoyo, a Tsibiri ko Jiratawa, ya zauna da su yau, kada ya ce sai gobe. Ka ce: "Kaka, cikin danginmu wa ya tahi Gabas bai komo ba?" Ka rubuta sunansa, da sunan ubansa, da unguwarsu, da garin da aka yi masa ganin ƙarshe. Ka ajiye wa 'ya'yanka. Wata rana wani zai zo daga Mai Wurno ko Gadarif yana cigiyar gidan kakansa, kada ya tarar ba wanda ya san sunan. In kuma naka zai yi tafiya, ko ta Yamai ce, tashi ka taka masa zuwa tasha, ka tsaya har motar ta fita. Zumunta a ƙafa take.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya, na tudu da na ruwa. Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya zaunar da Nijar lafiya. Wanda bai je ba Allah ya kira shi, wanda ya je Allah ya maimaita.